Tamaular Ostaraliya: Ƴan Mata Masu Tasowa

A ƙasar Ostaraliya akwai wani irin wasan tamaula wanda ba a cika saninsa a ƙasashen waje ba, alhali kuwa a can, musamman a birnin Melbon inda aka rubuta dokokinsa a shekara ta 1859, babu wasan da ya kai shi tara jama'a. Ƙwallon da ake yinsa da shi ya yi kama da ƙwai, filin ma haka siffarsa take. Ana shurin ƙwallon da ƙafa, ana kama shi da hannu, ana kuma gudu da shi muddin mai gudun zai doka shi ƙasa cikin kowane metir 15. Ba a jefa wa aboki, sai dai a ɗora shi bisa tafin hannu a naushe shi da ɗaya hannun. A kowane ƙarshen fili an kafa sanduna huɗu, ba raga, ba mai tsaron gida. Wanda ya shura ƙwallo tsakanin sanduna biyu na tsakiya ya ci maki 6, idan ya bi ta gefe maki 1. Maza suna shiga fili su 18 a kowane ɓangare, mata kuwa su 16 a babbar gasarsu ta ƙasa.

Mata sun daɗe suna wannan wasa. Tun shekara ta 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, ma'aikata mata na manyan kantuna suka kara a birnin Perth. Amma babbar gasar ƙasa, wadda ake kira AFLW, ba ta samu ba sai ranar 3 ga watan Fabrairu 2017, lokacin da ƙungiyar Carlton ta karɓi Collingwood a Melbon. Mutum dubu 24 da 568 suka cika filin, har aka rufe ƙofofi, shugaban hukumar wasan, Gillon McLachlan, ya fita da kansa yana ba waɗanda suka rage a waje haƙuri. Ƙungiyoyi 8 suka fara gasar, kafin ƙarshen shekara ta 2022 sun kai 18.

Don a gane darajar ƴan matan da ke tasowa yanzu, sai a dubi abin da ya sami yayyensu. Tauraruwar shekarar farko ita ce Erin Phillips ta ƙungiyar Adelaid, ɗiyar wani shahararren ɗan wasa. Tana ƙarama tare da yara maza take wasa, amma da ta kai shekara 13 sai hanya ta ƙare, domin an hana ƴan mata ci gaba cikin maza, kuma babu gasar ƴan mata da za ta shiga. Sai ta koma ƙwallon kwando, ta samo wa ƙasarta lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2008, ta ci kofi sau biyu a Amurka. Ba ta dawo ga wasan ƙuruciyarta ba sai tana da shekara 31, kuma duk da haka ita aka zaɓa gwanar gwanaye a 2017. Irinta suna da yawa cikin ƴan wasan farko: wasu daga ƙwallon kwando aka ɗauko su, wasu daga ƙwallon ƙafa ko guje-guje, akwai ma waɗanda aka kawo daga ƙasar Ailan, inda ake wani wasa mai kama da wannan. Ƙarfi da zuciya ba su rasa ba. Abin da ya yi wa da yawansu ƙaranci shi ne shekarun nan na tsakanin 13 da 18, lokacin da ƙafa ke koyon saiti, ido kuma ke koyon karanta fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƴan mata uku ƴan lakkwal ne suka fara buɗe ƙofar a jihar Biktoriya. A shekara ta 2003 suka kai ƙarar hukumar wasan don ta hana su wasa cikin maza bayan shekara 12. Hukuncin da aka yanke a 2004 ya ɗaga iyakar zuwa shekara 14, kuma a wannan shekarar aka kafa gasar ƴan mata zalla a jihar. Ɗaya daga cikin ukun, Penny Cula-Reid, ta sa rigar Collingwood a gasar ƙasa a 2017. Daga wannan ƙara ne hanya ta fara miƙewa, yarinya ta tashi daga wasan yara ƙanana ta shiga na ƴan mata, daga nan ta kai ga ƙungiyar jiharta ta ƴan ƙasa da shekara 18, inda manyan ƙungiyoyi ke zuwa zaɓe.

Kowace shekara hukumar tana ba da kyautar tauraruwa mai tasowa ga wadda ta fi fice cikin ƴan ƙasa da shekara 21. Wadda ta fara cin ta a 2017, Ebony Marinoff ta Adelaid, yarinya ce da aka sani da naci wajen kama abokiyar gaba da ƙwace ƙwallo. Ta ci kofin ƙasa sau uku da ƙungiyarta, kuma a 2024 aka zaɓe ta gwanar gwanayen gasar baki ɗaya. Madison Prespakis ta Carlton ba ta ma jira haka ba: ta ci kyautar masu tasowa a 2019, shekara guda bayan haka ta zama gwanar gwanaye tana da shekara 19. Ƙanwarta Georgie ta biyo sawunta a ƙungiyar Geelong. Ita ma Monique Conti tana da shekara 18 aka zaɓe ta wadda ta fi kowa a wasan ƙarshe na 2018, sa'an nan ta ɗauki babbar kyautar a 2023 cikin rigar Richmond. Ke nan masu zaɓen ba su cika kuskuren ido ba.

Waɗanda suka biyo bayan waɗannan su ne suka tashi suna ganin mata a telebijin cikin rigunan manyan ƙungiyoyi. Zarlie Goldsworthy, ƴar garin Albury, tana da kimanin shekara 12 lokacin da aka buɗe gasar, wato kusan shekarun da aka sallami Erin Phillips. A 2023, tana da shekara 18, ta ci wa ƙungiyar Giants ta yammacin Sidni ƙwallo biyar a wasa guda da Carlton, kuma ta ƙare shekarar da kyautar masu tasowa. Wanda ya san cewa a wasan mata ƙungiya sukutum takan tashi ba ta ci biyar ba, shi zai san nauyin wannan. A 2024 kyautar ta koma ga Matilda Scholz ta Port Adelaide, doguwar yarinya wadda aikinta shi ne tsallen tsakiyar fili idan alƙali ya jefa ƙwallo sama, ta buge shi zuwa ga abokan wasanta. Wannan matsayi ne da aka saba cewa sai ɗan wasa ya manyanta yake ƙwarewa a cikinsa, ita kuwa ta riƙe shi tun shekararta ta farko. Mu a ganinmu, abin da ya bambanta wannan tsara da na farko ba ya wuce natsuwa. Yarinya za ta riƙe ƙwallo ana rufo ta ta ko'ina, ta ɗaga kai ta duba, sa'an nan ta aika shi inda ta nufa.

Sai dai akwai gwiwa. Tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwa ta fi yawa ga ƴan wasa mata fiye da maza, kuma wadda abin ya sama takan yi kusan shekara guda ba ta shiga fili ba. Isabel Huntington, wadda ƙungiyar Western Bulldogs ta ɗauka a matsayin zaɓin farko na 2017, ta tsinke jijiyar a wasanta na biyu. Ta yi jinya, ta dawo, aka maida ta baya tana tsaro, ta ci kyautar masu tasowa a 2020, a 2022 kuma gwiwa ta sake kada ta. Nina Morrison ta Geelong, zaɓin farko na 2018, ta burge kowa a wasanta na farko, kafin wasa na biyu ta ji irin wannan ciwo a wurin horo. Likitoci suna duban dalilai da dama, daga ƙirar jiki har zuwa ƙarancin horon ƙarfafa tsoka ga ƴan wasan da ke wuni wurin aiki ko lakkwal su zo fili da marece. A shekarun farko ma cikin watannin Fabrairu da Maris ake gasar, lokacin zafi ke nan a can, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Tun 2022 aka maida buɗe ta watan Agusta ko farkon Satumba.

Maganar aiki ta kawo mu ga kuɗi. A 2017 mafi ƙarancin albashin ƴar wasa dalar Ostaraliya dubu 8 da 500 ne a kakar wasa, abin da ba ya riƙe mutum. A 2022 aka ɗaga shi ya haura dubu 39, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta tanadi matsakaicin albashi ya kai dubu 82 a shekara ta 2027. Yawan wasanni shi ne har yanzu bai kai yadda ake so ba. An fara da wasa 7 a shekara, aka kai 12 a 2025, alhali maza suna buga 23 kafin wasannin ƙarshe. Abin da saurayi zai koya cikin shekara biyu, budurwa sai ta yi huɗu kafin ta tara wasanninsa.

Ƙarin albashin ya sauya wani abu guda. A da, yarinyar da ta shiga zaɓe takan faɗi jihar da take so ta zauna, domin ba a iya tilasta wa mai ɗan ƙaramin albashi ta bar gidan iyayenta. A watan Disamba 2024 aka yi zaɓe na farko wanda kowace ƙungiya ke iya ɗaukar yarinya daga ko'ina cikin ƙasar. Collingwood ta fara da Ash Centra, ƴar jihar Biktoriya. Ƙungiyar Sidni kuwa ta miƙa hannu har yammacin ƙasar ta ɗauko Zippy Fish, wadda ta bar danginta ta yi tafiyar sama da kilometir dubu 3, kuma ita ce ta ci kyautar tauraruwa mai tasowa ta shekara ta 2025.