Wandon Kaki a Bayan Randa

Uwar yaran ce ta gano shi. Wata Laraba tana shara, ta janye randa don ta share bayanta, sai ga gajeren wandon kaki na makaranta a dunƙule, yana zarnin fitsari. Na autanmu ne, ɗan shekara 6, wanda muka sa ajin farko, CI, a wata makarantar gwamnati nan Kwatano wata biyu kafin nan.

Ni dai a lokacin abin da na ɗauka yaro ya koyi lalaci. Kullum da safe cikinsa na ciwo, amma Asabar da Lahadi garau yake. Ya daina shan koko kafin ya fita. In na dawo daga kasuwar Dantokpa da magariba na ce, "Auta, ya lakwal?" sai ya ce, "Lafiya lau, Baba," kansa a sunkuye. Sau biyu na zane shi a kan ciwon cikin nan. Ba daɗin faɗa nake ji ba, amma na san a cikinmu masu sammakon kasuwa ba ni kaɗai na taɓa yin haka ba.

Sai da uwarsa ta kwana uku tana lallashi kafin ya buɗe baki. Ashe fitsari ne ya matse shi a aji, bai san yadda ake neman izini da Faransanci ba. Ya ɗaga hannu, madam ta yi masa wata tambaya da bai gane ba, yara suka kwashe da dariya, shi kuwa ya koma ya zauna har abin ya zubo. Tun ranar suka laƙaba masa wani suna da harshen Fon. Bai san ma'anarsa ba, ya dai san ba na yabo ba ne. Shi ya sa ya bar shan komai da safe, in an fita wasa kuma sai ya je jikin katanga ya tsaya da dala ashirin ɗinsa a hannu har a kaɗa ƙararrawa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaron nan a gida Hausa yake ji, a makarantar allo Larabci, a aji Faransanci, a filin wasa Fon. Harshe huɗu a kan ɗan shekara 6, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa cewa "tsoro nake ji" da shi. Mu muka koya masa yaron kirki ba ya haɗa ido da babba, ba ya mai da magana, namiji ba ya kuka. Tarbiyya ce, da ita aka raine ni, ba kuma zan yar da ita ba. Sai dai ban taɓa nuna masa ta inda zai kawo mini kuka ba in abu ya fi ƙarfinsa.

Washegari na bar wa yarona rumfa da buhunan albasar Galmi, na hau zemijan na nufi makarantar. Wallahi kunya ce ta fara kama ni, don madam ta ce tunda aka buɗe makaranta ba ta taɓa ganin wani daga gidanmu ba. Ta rubuto saƙo har sau biyu a littafinsa, babu wanda ya duba. Tun 2006 gwamnatin Benin ta ɗauke kuɗin makarantar firamare, mu kuma sai muka ɗauka in an ɗinka kaki an sayi allo da littattafai, nauyi ya sauka. Ita a nata ganin taurin kai ne da yaron: tana masa magana yana kallon ƙasa, ta ce ya dube ta, ya ƙara sunkuyawa. Da na bayyana mata cewa a wurinmu wannan ladabi ne, ta yi shiru na ɗan lokaci. Ban ga laifinta sosai ba. Na leƙa ajin, yara uku-uku ne a benci har bango.

Abin da ta yi ba wani babba ba ne. Ta mai da shi kusa da wani yaro ɗan Malanville da ke jin Hausa, ta kuma tsawatar a kan sunan nan. A gida yayarsa da ke CM1 ta sa shi ya haddace jimla uku da Faransanci: ta neman izinin fita, ta "ban gane ba", da ta "zan iya wasa da ku?" Ta ukun ta fi ba shi wuya, ba don lafazin ba.

Ni kuma na daina tambayar "ya lakwal?" Tambaya ce irin ta gaisuwa, amsarta ɗaya ce ko gida na cin wuta. Yanzu cewa nake, "Da wa ka zauna yau? Wa ya ba ka dariya? Wa aka doka?" Uwarsa ta fi ni dabara. In suna tsintar wake sai ta ba shi labarin ranar da ta fara zuwa Kwatano daga Maraɗi, ta ɓata a kasuwa ba ta jin yaren kowa, ta riƙa kiran abin da ta ji da sunansa: wannan fargaba ce, wannan kewar gida, wannan takaici. Yana sauraro kamar tatsuniya.

Da na ba abokan rumfa labari, wani ya ce in mai da shi gida wurin kakarsa kawai a huta. Da yawa haka muke yi, a tsakiyar shekara a cire yaro daga nan a kai shi can, sabon aji, sabbin fuskoki, wani lokaci har sabon harshen karatu in Najeriya aka kai shi. Na yi tunanin hakan, na ga guduwa ce da shi daga katanga ɗaya zuwa wata.

Ciwon cikin bai tafi nan take ba, ya ɗauki kusan wata guda, kuma har yanzu akwai yaro ɗaya da ke kiransa da sunan nan. Amma makon jiya ya tare ni a ƙofar gida, rigar kakinsa ta yage a kafaɗa wurin ƙwallo, tun ban ajiye buhuna ba ya ce, "Baba, yau na ji haushi, an ɗauke mini alli." Na zauna a kan dakali na ce ya faɗa mini wanda ya ɗauka da abin da shi ya ce masa.