Kakar 2021/22 a Ghana: yadda arewa ta samu ƙungiyoyi biyu a Firimiya, Najeriya ta rasa tikitin Qatar

Mai bin ƙwallo daga Chereponi, Yendi, Salaga ko Bawku ba shi da ƙungiyar garinsu a gasar Firimiyar Ghana. Idan yana neman ta kusa, sai ya kalli Tamale. Shi ya sa kakar 2021/22 ta zama ta daban ga mutanen arewa: Real Tamale United, ƙungiyar da Abedi Pele ya fara suna a cikinta, ta dawo babbar gasa bayan shekara takwas a ƙasa.

Gasar tana da ƙungiyoyi 18, kowace ta buga wasa 34, uku na ƙarshe su sauka. Asante Kotoko ta Kumasi ce ta lashe kofin, da taimakon ɗan Kamaru Franck Mbella Etouga wanda ya ci ƙwallo 21. Yaw Annor na Ashanti Gold ya fi shi da ɗaya, daga baya kuma ya zaɓi ya buga wa Togo. Mutumin Chereponi, wanda Togo take a bakin ƙofarsa, ba zai ga abin mamaki a nan ba.

RTU kuwa da ƙyar ta sha. Sai a ranar ƙarshe ta tsira, da ta je Accra ta doke Hearts of Oak da ci 4-1. An yi ta surutu a kan wannan sakamako, ganin cewa wasan ƙarshe na Kofin FA yana gaban Hearts bayan mako ɗaya, wanda ta cinye Bechem United 2-1 a Kumasi. Eleven Wonders da WAFA da Elmina Sharks ne suka sauka.

Surutun yana da tushe a abin da ya faru shekara ɗaya kafin nan. A Yulin 2021, Ashanti Gold ta ci Inter Allies 7-0. Biyu daga cikin ƙwallayen, ɗan bayan Inter Allies, Hashmin Musah, shi ya zura su a ragarsu da gangan. Ya ce ya yi haka ne don ya ɓata sakamakon da ya ji an shirya saboda 'yan caca. Hukumar ƙwallon Ghana ba ta yanke hukunci ba sai Mayun 2022, inda ta mayar da ƙungiyoyin biyu rukuni na uku. Wata goma ana jira ya yi yawa, domin Ashanti Gold ta buga kusan dukkan kakar da zargin a kanta. Gurbin da ta bari aka yi wa wasan cike gurbi, Tamale City ta samu. Ta haka Tamale ta shiga kaka ta gaba da ƙungiyoyi biyu a Firimiya, ɗaya ta tsira a ranar ƙarshe, ɗaya ta shiga ta dalilin hukunci.

A ɓangaren tawagar ƙasa, shekarar 2022 ta fara wa Ghana da baƙin ciki. A gasar cin kofin Afirka a Kamaru, Black Stars ta sha kashi a hannun Maroko, ta yi canjaras da Gabon, sannan Comoros, wadda wannan ne zuwanta na farko, ta doke ta 3-2 a Garwa ranar 18 ga Janairu, bayan an ba kyaftin André Ayew jan kati. Maki ɗaya tak, aka sallami koci Milovan Rajevac. Najeriya ta ci wasanninta uku na rukuni, amma a filin Garwar nan dai Tunisiya ta fitar da ita 1-0 bayan kwana biyar.

Sai ga su sun haɗu a Maris, a wasan neman tikitin kofin duniya na Qatar. Wasa ne mai raba gida a zango: uba yana tuna asalinsa na Kano ko Sakkwato, ɗa kuwa a Ghana aka haife shi, tutar Ghana ya sani. An tashi ba ci a Kumasi ranar 25 ga wata. A Abuja ranar 29, Thomas Partey ya ci da wuri da wata ƙwallo da ta kuɓuce wa mai tsaron gida Francis Uzoho, William Troost-Ekong ya rama da fenariti, aka tashi 1-1.

Da yawa sun tambaya yadda Ghana ta wuce ba tare da ta ci wasa ba. Dokar ƙwallon waje ce: idan jimillar ƙwallayen wasa biyu ta zo daidai, wanda ya fi ci a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Ghana ta ci ɗaya a Abuja, Najeriya ba ta ci komai a Kumasi ba. Hukumar ƙwallon Turai ta soke wannan doka a 2021, amma a Afirka tana aiki a lokacin. Magoya baya sun kutsa cikin filin Moshood Abiola suka yi ɓarna, koci Augustine Eguavoen ya sauka.

Uku daga cikin waɗanda suka fara wa Najeriya wasan Abuja, Joe Aribo da Calvin Bassey da Leon Balogun, 'yan Rangers ta Scotland ne. Celtic ta ƙwace musu kofin lig a wannan kakar. A wasan ƙarshe na gasar Europa ranar 18 ga Mayu, Aribo ya ci, amma Eintracht Frankfurt ta rama ta doke su a bugun fenariti. Bayan kwana uku suka ɗauki Kofin Scotland, da suka ci Hearts ta birnin Edinburgh 2-0.

Ghana ta je Qatar da Abdul Fatawu Issahaku, ɗan Tamale mai shekara 18. Murnar birnin a gasar cikin gida ba ta daɗe ba: Tamale City ta sauka a 2023 bayan kaka ɗaya, RTU ta bi ta a 2024.