Furen da ke jiran ruwan farko

A Turai, da zarar sanyi ya fara ja da baya a watan Maris, sai lambuna su cika da wani fure mai ruwan ɗorawa, dafodil, wanda Larabawa ke kira narjis. Mutanen Wels sun ɗauke shi furen ƙasarsu. Daga albasa yake tsirowa, kuma yawancin irinsa ba sa fure sai albasar ta kwana a ƙasa mai sanyin da bai kai digiri 9 ba, har tsawon mako 12 ko fiye. Hunturun Kano ba ya ba da wannan. Ko a Janairu, asuba ce ke da sanyi, kafin azahar rana ta gasa ƙasa. Wanda ya sayo albasar daga waje, in ya yi sa'a ya ga ganye, nan da nan zafin Afrilu ya ƙone shi.

Amma muna da ɗan'uwansa a gida, danginsu ɗaya: albasar kwaɗi. Likitan nan J. M. Dalziel ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirran Hausa tun 1916. Ita ba sanyi take jira ba, ruwa take jira. Duk rani tana kwance a ƙasa kamar ta mutu; da an yi ruwan farko a Mayu ko Yuni, sai ta cillo kara, ta buɗe manyan furanni farare masu jan layi a tsakiya. Fadama da bakin kududdufi ne wurinta, ga shi kuwa kududdufan cikin birnin Kano ana ta cike su ana gini. Wannan yana damuna ƙwarai.

Tsakar gida a unguwar Dala ko Mandawari ba filin shuka ta, amma tukunyar ƙasa babba ta isa. A huda gindinta, a haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, a binne albasar a bar wuyanta a waje, a ajiye inda hantsi ke sauka. Idan kaka ta yi ganye ya bushe, a daina ba ta ruwa. Kada a yanke ganyen tun yana kore, da shi take tara abincin furen baɗi.

Ita da dafodil duka suna da guba. A nisanta ta da madafa, kada a ɗauka albasar miya ce, a kuma ɗaga tukunyar inda yara da awaki ba za su kai ba.