Take da Tsuma: Yadda Kiɗa Yake Ɗamfaruwa da Tunanin Mai Sauraro a Ƙasar Tambuwal

Masu nazarin waƙar baka sun daɗe suna mayar da hankali ga abubuwa uku, wato makaɗi, da wanda aka yi wa waƙa, da kuma matanin waƙar kansa. Akwai mutum na huɗu da ba a cika kula da shi ba, shi ne mai sauraro, wanda ba a ambaci sunansa a ko ɗa ɗaya na waƙar ba, amma da zarar an ɗora ta sai a ga ya yi tsit, ko ya shiga kaɗa kai, ko idonsa ya kawo ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda waƙar da aka yi wa wani takan koma ta wani, har ta riƙe masa wani yanki na rayuwarsa. An ɗauko misalai daga ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato.

Tambuwal tana kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, kuma tarihinta yana tafe da sunan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya zauna ribaɗi a can. Gari ne na sarauta da malanta, ƙauyukansa kuwa na manoma ne da 'yan cin rani. Zamfara tana gabas da shi, Kabi tana yamma, saboda haka waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo da Ɗan'anace duk sun iske mutanen wannan yanki cikin karin harshen da suke magana da shi a gida. Ba su buƙatar mai fassara musu habaici, kuma wannan yana da muhimmanci ga abin da za a faɗa nan gaba.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne take. Bahaushe bai jira masana ba kafin ya gane cewa ana iya ɗaure sauti da mutum. Sarki yana da takensa, mahauci da maƙeri da maharbi kowa da nasa, ɗan dambe da ɗan kokawa da gwanin noma haka nan. David Ames da Anthony King sun tattara da yawa daga cikin sunayen waɗannan kaɗe-kaɗe a ƙamusun kiɗan Hausa da suka fitar a 1971. Take ɗan gajeren kiɗa ne, wani lokaci bai wuce jimla ɗaya ba a bakin kalangu, amma idan aka kaɗa wa mai shi, sai jikinsa ya ɗauki rawa, tsikarsa ta tashi, ya zabura yana kirari. Wannan shi ake kira tsuma. Manomin da rana ta gama gasawa a gonar gayya, idan mai gangar noma ya bi bayansa ya sakar masa takensa, yakan ci kunyar da ba ya iya ci shi kaɗai.

Abin lura a nan shi ne, tsumar ba a cikin gangar take ba. Taken da ke sa ɗan dambe makyarkyata, malamin da ke wucewa ta bakin fage yana jin sa kamar kowace hayaniya. Fatar ɗaya ce, makaɗin ɗaya ne, bambancin yana ga abin da kowannensu ya zo da shi. Ɗan damben ya ji wannan kiɗa ranar da ya fara naɗe hannu, ya ji shi ranar da ya yi kisa mata suka yi guɗa, ya kuma ji shi ranar da aka kai shi ƙasa gaban mutanen garinsu. Kullum aka kaɗa, zuciyarsa tana cikin tsananin tsoro ko tsananin murna. Da tafiya ta yi nisa, sai sautin shi kaɗai ya isa ya dawo da halin da ya saba zuwa tare da shi, ko da babu fage babu abokin karawa. Wannan ne ya sa taken mamaci yake da nauyi a kunnen iyalinsa fiye da ambaton sunansa, domin suna an saba jin sa ko'ina, take kuwa ba a jin sa sai mutumin yana tsaye cikin ƙarfinsa.

Binciken ƙwaƙwalwa na wannan zamani ya zo ya ƙarfafa abin da makaɗa suka sani ta hanyar aiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda yake lura da abin tsoro da abin sha'awa, kusa da shi kuma akwai hifokamfus, wanda yake taimakawa wajen adana abubuwan da suka faru da mutum. Idan abu ya faru zuciya tana a tashe, na farkon yakan sa na biyun ya adana shi da ƙarfi, tare da duk abin da ya kewaye shi na sauti da ƙamshi da fuskoki. Waƙar da ake yi a wurin sai ta shiga cikin ajiyar, ta zama igiyar da ake janyo sauran da ita. A 2009 Petr Janata na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, ya kunna wa ɗalibai gutsattsarin waƙoƙin da aka yi yayi lokacin ƙuruciyarsu yana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, ya ga wani sashe da ke bayan goshi yana ƙara aiki a duk lokacin da waƙa ta tuna wa ɗalibi wani abu na rayuwarsa.

Gwajin da ya fi kusa da maganar take shi ne na Anne Blood da Robert Zatorre a Jami'ar Makgil ta Kanada, a 2001. Sun ce kowane mutum ya zo da kiɗan da yake tayar masa da tsikar jiki. Da aka kunna wa kowa nasa, sassan ƙwaƙwalwa masu amsa daɗin abinci da sauran abubuwan jin daɗi suka motsa, bugun zuciya da numfashi suka sauya. Da aka kunna wa mutum zaɓin ɗan'uwansa kuwa, sai bai yi masa wannan tasiri ba. Malamin nan da ke wucewa ta bakin fagen dambe bai buƙaci na'ura ba kafin ya san haka.

Masana halayyar ɗan'adam sun kuma lura cewa idan aka nemi dattijo ya tuna rayuwarsa, mafi yawan abin da yake kawowa yakan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na haihuwarsa. A nan ne ake fara kusan kome: sana'a, da tafiya, da neman aure, da rabuwa da gida. Waƙoƙin waɗannan shekaru su ne suke kafuwa, shi ya sa kowane tsara yake rantsuwa cewa waƙa ta ƙare daga makaɗan zamaninsa. Hukuncin nan bai cika zama na adabi ba, galibi kewar ƙuruciya ce ta sa rigar sharhi. Ajiyar tana da ƙarko ƙwarai, har an ga masu cutar mantuwa ta Alzaima da suka kasa gane 'ya'yansu suna bin waƙar da suka sani tun suna samari.

A ɓangaren mata abin ya fi fitowa fili. Yarinya takan tashi da waƙar reno, ta shiga ta gaɗa a dandali, ta koyi ta daka da ta niƙa a gindin turmi da dutse kusa da uwarta. Sai ranar kai amarya, ƙawaye su rera mata waƙar rabuwa da gida tana kuka. Idan aka duba da kyau a irin wannan taro, za a ga ba amarya kaɗai take hawaye ba, har da manyan matan da suka yi rakiya, kowace tana kukan nata daren. Injin niƙa ya rage waƙar niƙa a garuruwa da yawa, don haka tsohuwar da ta ji wani ɗa nata a yau, ba waƙar kaɗai ta ji ba, ta ji muryar waɗanda ta yi aikin tare da su. Malaman jihadi ma sun san ƙarfin kari wajen riƙe magana a zuciya, shi ya sa Nana Asma'u ta zuba karatun 'Yan Taru cikin waƙa, kuma karin Ishiriniya a daren Mauludi yana mayar da wanda ya tashi a gidan malamai zauren mahaifinsa.

Zuwan rediyo ya sauya yanayin wannan ɗauri. A da, waƙar fada a ƙofar fada ake jin ta, ta noma a gona, saboda haka waɗanda suka ji ta tare tunaninsu game da ita yakan yi kama. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, daga baya kaset ya yawaita, sai waƙa ta rabu da wurinta. Ɗan cin rani daga Dogondaji ko Jabo ko Sanyinna da ya sauka Kurmi yana iya jin Ɗanƙwairo a rumfar mai shayi, waƙar da aka yi wa basaraken da bai taɓa gani ba ta zama tasa ta kewar gida. Shirin zaɓi sonka ya ƙara wani abu, domin ya haɗa waƙa da sunan mai gaisuwa da na wanda aka gaisar, ya yi wa talaka wani irin take na aro.

Tun da ɗaurin yana wajen mai sauraro, ma'anar waƙa tana iya juyawa ba tare da an taɓa kalma ɗaya a cikinta ba. Waƙoƙin da Ɗanƙwairo da Jankiɗi suka yi wa Sardauna Ahmadu Bello na yabo ne da zuga, amma daga 15 ga Janairu 1966 waɗanda suka san shi ba su ƙara jin su yadda suke ji a da ba. Sa'idu Faru ya waƙe Muhammadu Macciɗo yana Sarkin Kudu, ya kuwa rasu bai ga hawansa gadon Sarkin Musulmi a 1996 ba. Masu sauraro suka koma jin waƙar kamar fatan da ya cika. Bayan haɗarin jirgin sama na 29 ga Oktoba 2006 a Abuja, wanda Sarkin ya rasu a cikinsa, waƙar nan dai ta koma ta ta'aziyya. Ɗalibin da ya rubuta matanin ya feɗe salon kambamawa da na kinaya, ya yi aikinsa daidai, amma ɗaya kawai ya kama daga cikin waƙoƙi ukun da mutanen ƙasar Sakkwato suka ji.

Wannan shi ne giɓin da ke cikin yawancin kundayen da ake rubutawa a sassan Hausa. Ana kawo tarihin makaɗi, a jera gindin waƙa da ɗiyanta, a fitar da turke da salo, sannan a rufe. Muryoyin makaɗan ba su cikin haɗarin ɓata, suna nan cikin wayoyin samari. Abin da yake tafiya shi ne mutanen da suka san wane ne baran da aka ambata a ɗa na biyar, da dokin da aka yaba, da ranar da aka fara rera waƙar da abin da ya faru a ranar. Wanda ya yi shekara 20 a 1966 ya doshi 80 ko ya wuce. Mai bincike da ya je Tambuwal ko Kebbe da na'urar ɗaukar magana zai ƙaru ƙwarai idan ya kunna wa dattijo waƙar tukuna, ya bar ta ta ƙare, sannan ya tambaye shi inda ya fara jin ta da waɗanda suke tare a lokacin.

Sai dai aikin yana son hattara, domin ba kowane tunani ne mai daɗi ba. Waƙar fada ba ta cika rasa zambo ba, kuma zambon yakan faɗa ne kan ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba. Makaɗi ba ya kiran suna, yakan siffanta mutum ne da gemunsa ko tafiyarsa ko rowarsa, amma a garin da kowa yake jin habaicin ba a buƙatar suna. Jikokin wanda aka yaba da jikokin wanda aka yi wa zambo suna iya zama unguwa ɗaya, suna salla a masallaci ɗaya. Idan aka kunna waƙar a zaure wani ya tashi ya ce zai je ya dawo, bai kamata mai bincike ya bi shi da tambaya a gaban jama'a ba, gara ya nemi wani dattijo daga baya ya tambaye shi a keɓe.