Babur Mai Guntun Wutsiya: Yadda Sabon Hannu Zai Haɗa Boba a Gida

A Amurka, cikin shekarun 1930, akwai samarin da suke ganin baburan Harley-Davidson da Indian sun cika nauyi, ga shi ba su da kuɗin sayen na tsere. Sai suka ɗauki sifana da zarto. Su cire madigadin gaba, wato marfin nan da ke tare laka a saman taya, su datse na baya ya koma guntu, su kwance duk ƙarfen da ba ya ƙara wa babur gudu. A Turanci, datse abu irin yadda ake gundule wutsiyar doki shi ake ce wa bob, daga nan aka sami sunan bobber, wanda za mu riƙa kira boba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, aka yi gwanjon baburan soja samfurin Harley WLA da araha, tsofaffin sojoji suka saya suka yi musu irin wannan aski, salon ya bazu.

Tun daga nesa ake gane boba: sirdin mutum ɗaya, guntun madigadi kwance a kan tayar baya, ƙaramin tanki, ƙaramar fitila, ba kariya ba robobin ado. Ya sha bamban da ɗan'uwansa chopper na shekarun 1960, irin wanda fim ɗin Easy Rider na 1969 ya yi wa suna, domin shi wancan yanka firam ake yi a sake masa siffa, a tsawaita ƙafar gaba. Boba na asali yana barin firam, wato ƙashin babur, yadda kamfani ya ƙera shi. Shi ya sa ya dace da sabon hannu, don yawancin aikin kwancewa ne, yanka da walda kaɗan ne. Ga shawarata tun daga bakin ƙofa: duk abin da noti ya riƙe, kwance shi ba fargaba, yana mayuwa. Abin da sai an sa masa injin yankan ƙarfe kuwa, ka kwana uku kana kallonsa kafin ka taɓa.

Farko dai sai an sami babur. A Amurka da Turai masu farawa sun fi neman Yamaha XS650, ko Honda Rebel 250, ko Suzuki Savage mai silinda ɗaya wanda ya fito a 1986, saboda injinansu ba su da sarƙaƙiya kuma kayansu na samuwa. Dalilin nan shi za ka ɗauka, sunayen ka bar musu. A wajenmu abin da ya cika wannan sharaɗi shi ne Honda CG125 da dangoginsa na China da suka kwaikwaye shi, da Suzuki GN125, wanda tun asali sirdinsa a ƙasa yake. Honda ta fito da CG125 a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan lokaci ba, don haka injinsa na da juriya, kuma babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san cikinsa. Ka sayi wanda yake tashi yana tafiya. Mataccen babur ya fi araha, gaskiya ne, amma wanda bai taɓa buɗe inji ba idan ya haɗa gyaran inji da sauya siffa a lokaci guda, sau da yawa babur ɗin a zaure yake tsufa. Ka duba lambar firam da ta inji su yi daidai da na takarda. Ka tsuguna ta baya ka hango ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya. In ka ga tabon waldar da ba ta kamfani ba a wuyan firam, alamar an taɓa mummunan karo da shi ke nan, ka haƙura ka nemi wani.

Kayan aiki ba su da yawa: saitin sifana mai milimita, daga 8 zuwa 19, sukudireba, filaya, guduma mai kan roba, tef na awo, alli, samfefa, na'urar gwada wuta, da gilashin kare ido. Walda kuwa kada ka koye ta a kan abin da zai ɗauki ranka a titi. Ka yi awo da yanka da gogewa da kanka, ka kai wa gwanin walda ya haɗa. Masu irin wannan hannu suna nan, ko a Panteka ta Kaduna ko a kowane babban gari.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka hau babur ɗin na mako biyu yadda yake. Juye baƙin mai, sake fulogi, wanke kafireto, gyara birki. Amfanin haka, in daga baya ya ƙi tashi, ka san laifin yana cikin abin da hannunka ya taɓa.

Ranar kwancewa, wayarka ita ce babban kayan aikinka. Ɗauki hoton kowane sashe kafin ka cire shi, musamman mahaɗar wayoyi da hanyar da wayar totur da ta kuloci suka bi. Fara da cire batir. Sai sirdi, tanki, kariya, robobin gefe, madigadin baya, matakan fasinja. Notin kowane abu a ledarsa, da suna a rubuce. Kada ka zubar da komai tukuna. Da ka gama, ja kujera ka zauna nesa kaɗan ka dubi babur ɗin ta gefe. Yanko kwali ka yi siffar sirdi da ta madigadi, ka manna da tef, ka ja baya ka sake dubawa. Abin da ido ke nema shi ne layi ɗaya mai gangarowa daga wuyan babur, ta saman tanki, ta sirdi, har zuwa tsakiyar tayar baya. Kwali ba ya cin kuɗi, ka sauya shi sau goma in ka ga dama.

Yanzu mun zo inda sabon hannu ya fi yin ɓarna. Za ka ga hotunan boba da babu shokozoba a baya, an haɗe tayar da firam ƙam da bututun ƙarfe, za ka ji wannan ne boba na gaske. To, ka san dalili. Mutanen farko ba cire shokozoba suka yi ba, baburansu ne ba su zo da ita ba. Manyan baburan Harley sai a 1958 suka sami shokozoba a baya. Ko kamfanin Triumph na Ingila, da ya fito da nasa boba a kasuwa a 2017, ɓoye shokozoba ya yi a ƙarƙashin sirdi, ya ba ido siffar da yake so ba tare da ya azabtar da bayan mahayi ba. Shokozoba ba don jin daɗi kawai take ba. Ita ke danne taya a ƙasa. In babu ita, duk ramin da ka faɗa tayar baya sai ta yi tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta birki ba ta riƙe kwana. Ka tuna irin hanyoyin da za ka bi da damina. Sannan haɗa bututun baya yana buƙatar teburin awo na musamman, domin karkatar da ido ba ya gani ta isa ta sa babur ya riƙa ja gefe ɗaya, sarƙa tana cin haƙoran sifoket. A babur na farko ka bar shokozoba. In kana son bayan ya sauka, sa wadda ta fi gajarta da ɗan kaɗan, kamar santimita biyu zuwa uku, sannan ka tabbatar sarƙa ba ta gugar komai kuma jak bai tsayar da babur a miƙe har iska ta iya kayar da shi ba.

Abin da za ka iya yankewa shi ne jelar firam, ƙarfen da ya wuce maɗaurin shokozoba zuwa baya, wanda aikinsa ɗaukar fasinja da kaya ne. Yi alama da alli, ka bar rarar santimita biyar bayan maɗaurin, domin ragewa daga baya abu ne mai sauƙi. Bayan yanka, dole a haɗa ɓangarorin biyu da lanƙwasasshen bututu ko ƙarfen gicciye, in ba haka ba maɗauran shokozoba za su riƙa buɗewa suna tsukewa har su tsage. Kafin a kunna walda, a cire batir da akwatin wutar inji, a kuma ajiye tanki can nesa.

Madigadin baya yana da hanya biyu. Ko a ɗaure shi a hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ya riƙa hawa da sauka tare da ita, ko a ɗaure shi a firam. Ta farko ita ke ba da kyan nan na madigadi manne da taya. Dabarar ita ce ka shimfiɗa guntun tiyo ko tsohuwar sarƙa a kan tayar, ka manne da tef, ka ɗora madigadin a kai, tazarar ta fito daidai ko'ina. Kada ta gaza santimita biyu, domin taya tana kumbura in ta yi zafi da gudu, kuma tana matsawa baya duk lokacin da aka ja sarƙa. In a firam za ka ɗaure, cire shokozoba ka ɗaga tayar har ƙarshen inda take iya kaiwa, daga nan ka yi awo. Babur na farko da na yi wa wannan aiki, ban yi haka ba. Tazarar yatsa biyu na bari don ya yi kyau. Ramin farko da na faɗa, tsinin notin da ke ciki ya tsaga sabuwar taya, ya bar mata zane, da ƙyar na kai bakin titi. Tun daga ranar nake juya kan noti mai santsi zuwa ciki.

Madigadin gaba kuwa, ni dai ba na cire shi, ragewa nake yi. A ƙananan babura ƙarfen madigadin gaba yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba biyu kada su murɗe, ban da lakar da zai tare maka daga fuska. Birkin gaba ma ba abin taɓawa ba ne. Shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa.

Sirdi ana lanƙwasa farantin ƙarfe ne mai kaurin milimita biyu zuwa uku, a ɗora soso mai tauri, a rufe da fata. A nan mun fi kowa sa'a, domin dukawanmu sun gaji ɗinkin sirdin doki, kuma fatar da ake jemawa a Kano da Sakkwato ba ta buƙatar talla. Kai musu farantin da kwalin da ka yi awo da shi. Gaban sirdin yana zama a kan maɗauri mai juyawa, bayansa a kan sifirin biyu.

Tanki in za ka sauya, ka tabbatar bakin fitar mai ya fi kafireto tudu, tunda gangarowa fetur yake yi, kuma ka sa roba tsakaninsa da firam don kada girgiza ta tsaga shi. Kada ka yarda a kai wuta kusa da tankin da ya taɓa shan fetur don kawai an juye shi. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, kuma ya kashe masu walda da dama. In ya zama dole, a wanke shi da omo sau da yawa, a cika shi da ruwa, gwani ya yi aikin. Kan babur kuma, duk wanda ka zaɓa, juya shi dama da hagu har ƙarshe inji na aiki. In sautin inji ya ɗaga da kansa, wayar totur ta ɗame, sai a sake mata hanya.

Salansa da matatar iska abokan kafireto ne, ka taɓa ɗaya ka taɓa uku. Gajeriyar salansa da ƙaramar matata a buɗe suna ƙara iska, fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin, inji ya ɗauki zafi har ya ci fistin. Fulogi ne zai gaya maka gaskiya. Bayan tafiya, kwance shi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau, fari fat mai ya yi kaɗan sai an sa wa kafireto jet mafi faɗi, baƙi mai toka mai ya yi yawa. Da ƙurar hunturu irin tamu, gara ka bar akwatin matata na asali ka fente shi baƙi. Salansa kuma a bar mata abin rage ƙara a ciki, saboda maƙwabcin da ke da jariri ko mara lafiya.

Waya kada ka yanke don ta yi maka yawa. Naɗe ta ka ɓoye a ƙaramin akwati ƙarƙashin sirdi. A tsarin Honda koriyar waya ita ce ta ƙasa, ja daga batir take, baƙa tana kawo wuta bayan an murɗa makulli, amma na China ba kullum suke bin wannan ba, don haka gwada kafin ka haɗa. Fis ya zauna. Fitilar birki, tirafiketo, madubi, oda da wurin lamba duk su koma, ko da ƙanana ne.

Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake shi zuciya ta fi ɗoki. Haɗa babur ɗin tsirara, ka yi mako guda kana zagaya unguwa a hankali, kana komawa kana bin kowane noti da sifana, kana duba sakin sarƙa, wanda a yawancin babura milimita 20 zuwa 30 ne. Sai ka gamsu babu sauran walda, sannan ka sake wargaza shi, a goge, a sa fentin share fage, a sa launi, a rufe da mai ƙyalli irin na mota wanda fetur ba ya narkarwa. Rufe lambar firam da tef kada fenti ya binne ta, kuma ka kankare inda wayar ƙasa za ta taɓa ƙarfe. In launi ya sauya daga na takarda, je ofishin lasisi a gyara.

Wanda ke aiki ranakun hutu kawai ya sa ran watanni, kuma ya ware kuɗi fiye da lissafinsa na farko. Ranar da za ka fita babban titi, kai wa tsohon bakanike ya duba walda da birki da idonsa, ka sa hular kwano, kuma kada ka ɗauki kowa a baya, sirdin na mutum ɗaya ne.