Zaɓen Kalma a Darasin Ƙagaggen Labari: Nazari a kan Ɗaliban Koleji na Yankin Tsauni

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda za a koya wa ɗaliban koleji da na lise zaɓen kalma yayin da suke rubuta ƙagaggen labari da Hausa. An ɗauki yankin Tsauni, da ke kusa da Matamaye cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram, ya zama abin misali, saboda wuri ne na manoma Hausawa kusa da iyakar Nijeriya ta wajen Daura. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausar gida, da Hausar rediyo, da kalmomin da aka aro daga Faransanci, da waɗanda ke ƙetaro iyaka daga Ingilishi.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, aka kafa INDRAP a 1974, kuma dokar ilimi ta 1998 ta bai wa harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Amma akasarin wannan aiki ya tsaya ne a firamare. Da yaro ya shiga koleji, da Faransanci yake insha'i. Yanzu da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, masu tsara ilimi ba za su iya kauce wa tambayar ba: wace irin Hausa za a nemi ɗalibin da ya girma ya rubuta?

2.0 Kalma mai faɗi da kalma mai kaifi

Babbar matsalar ba ƙarancin kalmomi ba ce. Ɗalibin da ya saba shirya tunaninsa na makaranta da Faransanci yakan nemi kalmar Hausa ɗaya da zai ɗora a kan kowace kalmar Faransanci, sai ya rubuta irin wannan:

(1) Da kaka ta yi, babansa ya yanka gero, ya yanka rake, ya yanka wake.

Jimlar ba ta karya nahawu ba, amma babu manomin da zai faɗe ta. Gero girbe shi ake yi, rake a sare shi, wake a rore shi, gyaɗa a cire ta, rogo a haƙe shi. Yaron ya san duk waɗannan, domin da hannunsa ya yi su; abin da bai sani ba shi ne sun cancanci hawa takarda. Aikin malami na farko ke nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bi zangarniyar gero tun daga rumbu har zuwa ƙwarya: sussuka, sheƙa, surfe, bakace, wanki, daka ko niƙa, tankaɗe. Kowane mataki da sunansa, da kayan aikinsa, da abin da ake fitarwa, watau ƙaiƙayi dabam, dusa dabam, tsaki dabam. A nan ƴan mata kan fi samari sani, kuma yana da kyau aji ya ga haka. In an gama jerawa, sai a nemi kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a kan safiyar wani gida, a hana shi cewa "tana aiki".

Wani lokaci kuma fassarar kan juya ma'ana gaba ɗaya. Wanda ya bi Faransanci ya rubuta "sarki ya ɗauki shawara" yana nufin sarki ya yanke hukunci da kansa, alhali Bahaushe zai fahimci cewa wani ne ya ba sarkin shawara, shi kuwa ya karɓa.

2.1 Siffar aikatau

Zaɓen kalma a Hausa bai tsaya ga saiwa ba. Tsarin rukunan aikatau da F. W. Parsons ya fayyace a 1960 yana da amfani ga malamin adabi kamar yadda yake da shi ga mai nahawu. A duba:

(2) Alhaji ya sayi gero.
(3) Alhaji ya sayo gero.
(4) Alhaji ya saye gero.

Ta biyu labari ne kawai. Ta uku ta nuna ya kawo shi gida, iyali za su ci. Ta huɗu kuwa ta bar kasuwa fayau, kuma mai karatu ya fara zargin Alhaji da ɓoye hatsi tun marubuci bai ce masa mugu ba. Wasali ɗaya ya ɗauke nauyin sifa uku. Ba sai an ɗora wa ɗalibi lambobin rukunan ba. A ba shi jimlolin, a tambaye shi wane Alhaji ne zai so ya zama maƙwabcinsa.

Amsa-kama, irin su farat, ƙyam, wuluk, ba su bukatar dogon bayani. Yara na son su har sukan cika, sai a rage musu.

3.0 Kalmomin aro da bakin mai magana

A nan ne Tsauni ta fi ba da darasi. Biro ofis ne ga ɗan Nijar, abin rubutu ne ga ɗan Daura. Jika a kasuwar Matamaye sefa dubu ce, dala kuwa sefa biyar. Malamin makaranta da yara ke kira mushe, in an rubuta shi ba alamar karin sauti, ba a bambanta shi da dabbar da ta mutu ba yanka, abin da kan ba aji dariya, ya kuma koya musu dubawa kafin su ajiye kalma.

Wasu malamai kan ja jan layi a ƙarƙashin lakwal, kamyo ko lokotoro, su ce ba daidaitacciyar Hausa ba ce. A ganinmu wannan ruɗa abu biyu ne. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da ƙudurin 1999 na ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, a kan haruffa da raba kalmomi suka yi magana; ba su haramta wa kowa kalmar garinsu ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 kansa cike yake da kalmomin da ya nuna yankin da ake faɗar su, kuma Abdu Mijinguini ya shigar da na Nijar cikin ƙaramin ƙamusunsa. Abin da ya kamata a tambayi ɗalibi shi ne: wa ke magana? Mai ba da labari yana iya cewa makaranta don na Kano ya gane, amma tsohuwar da ke kiran jikanta dole ta ce lakwal, in kuwa ba haka ba ta tashi daga Tsauni ta koma cikin littafi.

Haka nan kunya da ladabi. Mutum rasuwa yake yi, akuya ta mutu. Mace na da juna biyu a bakin surukarta. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, matar aure ta ce Malam ko maigida. Ɗalibin da ya sa uwa ta kira ɗan farinta da sunan yanka ya faɗi wani abu game da halinta, ko ya nufa ko bai nufa ba, kuma wannan ne malami zai rubuta masa a gefen takarda maimakon maki kawai.

4.0 Abin da ya shafi masu tsarawa

Littafin jagorar malami yana bukatar jerin kalmomin sana'a da aka tattaro daga yankin, na noma, da lambu, da kasuwa, da ɗakin girki, tare da takwarorinsu na ƙetaren iyaka. Ɗaliban kansu za su iya tattaro su daga bakin iyaye lokacin hutu, kowa da kaye guda. Sa'an nan takardar gyaran jarrabawa ta raba makin ƙa'idar rubutu da makin zaɓen kalma, ta kuma faɗa wa mai gyara a sarari cewa kalmar karin harshe da ta fito daga bakin wani cikin labari ba a cire mata maki.