Yadda Kwalejojin Al'umma Na Amurka Ke Horas Da Ma'aikatan Lafiya Cikin Shekara Biyu

Aikin asibiti ba na likita da ma'aikaciyar jinya kaɗai ba ne. Kafin likita ya tabbatar da cutar da ke damun majiyyaci, sai an ɗauki hoton ƙirji ko na ƙashi, an auna jini a ɗakin gwaje-gwaje, wani lokaci kuma an samu mai lura da na'urar taimakon numfashi. A Amurka, da yawa daga cikin masu waɗannan ayyuka ba jami'a suka yi ba, sun fito ne daga kwalejojin al'umma.

Waɗannan kwalejoji na gwamnati ne, kuma an kafa su ne domin mazauna yankin da suke. Wadda ake ɗauka a matsayin ta farko ita ce kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a shekarar 1901. A yau akwai kimanin dubu ɗaya a faɗin ƙasar. Babbar takardar da suka fi bayarwa ita ce ƙaramin digiri na shekara biyu, sai kuma takardun shaida na 'yan watanni, kamar na koyon ɗibar jini.

Fannonin da aka fi nema sun haɗa da ɗaukar hoton asibiti, kula da masu matsalar numfashi, tsaftace haƙora, aikin ɗakin gwaje-gwaje, taimaka wa likita a ɗakin tiyata da kuma aikin motar ɗaukar marasa lafiya. Akwai iyaka ga abin da takardar ke bai wa mutum. Alal misali, da ita ake zama mataimakin mai gashin ƙashi, amma cikakken ƙwararre a wannan fanni sai ya yi digirin digirgir.

Babban abin da ke jan hankalin ɗalibai shi ne sauƙin kuɗi. Matsakaicin kuɗin karatu ga mazaunin yanki ya kai kimanin dala 4,000 a shekara, alhali a jami'ar gwamnati ɗan jiha yana biyan sama da dala 11,000. Baƙon ɗalibi kuwa yana biyan fiye da na mazauni, kuma ba ya cikin masu samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya.

Shiga kwalejin kanta ba ta da wuya, domin yawancinsu suna karɓar duk wanda ya kammala sakandare. Shiga sashen lafiya ne ke da tsauri. Dole ɗalibi ya fara cin darussan share fage, musamman ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, kuma da sakamakon ake tantancewa. Guraben ba su da yawa saboda kowane ɗalibi sai an sama masa wurin koyon aiki a asibiti, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Wannan ne ya sa wasu kan shafe shekara uku kafin su gama karatun da aka tsara a shekara biyu. Galibi ba a biyan albashi a lokacin koyon aikin, kuma ana buƙatar shaidar rigakafi da binciken tarihin aikata laifi.

Kammala karatu ba ya bai wa mutum izinin taɓa majiyyaci. Sai ya ci jarrabawar hukumar fanninsa, kamar ARRT ga masu ɗaukar hoto ko NBRC ga masu kula da numfashi, sannan a yawancin jihohi ya nemi lasisi. A nan ne wasu ke asara, domin hukumomin ba sa barin ɗalibin da ya fito daga makaranta ko kwas da ba a tantance ba ya zauna jarrabawar. Irin wannan ɗalibi ya ɓata kuɗi da shekaru a kan takardar da ba za ta kai shi aiki ba.

Saboda haka, duk mai sha'awar wannan karatu, ko a Amurka yake ko daga gida yake nema, ya kamata ya bincika abubuwa uku kafin ya biya ko sisi: wace hukuma ce ta tantance kwas ɗin, ɗalibai nawa ne ke cin jarrabawar lasisi a kowace shekara, sannan ko sashen yana karɓar baƙin ɗalibai.